Burtali a Takarda, Shanu a Kan Kwalta: Wa Ke da Izinin Kiwo Tsakanin Nguru da Gashuwa?

Daga tsakiyar Oktoba har Nuwamba ta ƙare, duk direban da ya saba bin hanyar Nguru zuwa Gashuwa ya san ƙafarsa ba ta nisa da birki. Lokacin ne garkuna ke gangarowa daga arewa, daga wajen Machina da Yusufari da ƙetaren iyakar Nijar. Jajayen shanu masu dogon ƙaho ne a gaba, tumakin Udawa na biye, can baya kuma jakuna ɗauke da ƙore da tabarmi da ɗan maraƙin da aka haifa a hanya.

Tafkunan tudu sun ƙafe, kowa ya nufi fadama. Amma dama da hagu na kwaltar gonaki ne. An yanke gero, wake bai gama bushewa ba, dawa na tsaye, ga guna kwance a ƙasa. Yaro na gudu da sanda a gefen garke yana kare bakin gona, mai gonar kuma na tsaye daga ciki yana kallo, bai ce uffan ba, amma hannunsa na kan wayarsa.

In ka tambayi dattijon garken abin da ya hau da shi kwalta, zai miƙa sanda ya nuna maka tsakiyar wata gonar wake, ya ce nan ne burtalin da ubansa ya bi da shi. In ka tambayi mai gonar, zai ce wurin gadonsa ne, kuma yana da shaidu. Shi manomi yana da kunya da iyaka da maƙwabtan da za su rantse masa. Makiyayi kuwa, wace takarda ke hannunsa da ta ce yana da izinin bi ta nan, ko kiwo a can, ko shayarwa a wancan gulbin? A mafi yawan lokuta babu. Rigimar da ake yi kowace kaka a arewacin Yobe daga nan take farawa.

Dokar da aka gada daga Kaduna

Ba wai babu doka ba. A 1965, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe makiyayu. Dokar ta ba gwamnati da hukumomin gargajiya ikon ware daji domin kiwo kaɗai. Hanyar da aka shata doguwa ce: a bayyana niyya, a binciki masu haƙƙi a wurin, a daidaita da su, a auna iyaka, sannan a buga sanarwa a jaridar gwamnati. Sai an buga ɗin nan wurin yake zama makiyaya a idon kotu, hukuma kuma ta sami ikon tsara wanda zai shiga da sharuɗɗan zamansa.

Ƙididdigar da hukumomi suka saba bayarwa ita ce akwai makiyayu sama da 400 a Najeriya, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka kammala musu wannan hanya. Sauran suna nan da suna a fayil, babu abin da zai kare su in wani ya sa garma a ciki. Manufar noma ta ƙasa ta 1988 ta yi alkawarin ware aƙalla kashi 10 cikin 100 na ƙasar Najeriya domin kiwo. Ko kusa ba a je ba.

Da aka rarraba Jihar Arewa, kowace sabuwar jiha ta gaji dokar. Nguru da Gashuwa sun zauna a Jihar Arewa maso Gabas, suka koma Borno a 1976, sannan Yobe a 1991. A kowane rabo fayil da taswira sun tashi daga wannan ofis zuwa wancan, yayin da a daji turakun iyaka ke faɗuwa, rairayi na binne su.

Akwai kuma wata takarda da makiyayi ya taɓa riƙewa, wato rasidin jangali. An sha wuya a hannun masu karɓar harajin nan. Amma yana nuna cewa wane da shanunsa kaza na ƙasar hakimi wane ne, hakimin kuma yana da dalilin tsare masa burtali da mashaya, tun da daga nan baitulmali ke cika. Da aka yi ta soke jangali a jihohin Arewa cikin shekarun 1970, makiyayi ya huta da biya, amma sunansa ya fita daga littafin hukuma.

Ƙasa a hannun gwamna

A 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta kawo dokar amfani da ƙasa, wadda ta danƙa duk filin jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Dokar na nan har gobe, an ma ɗaure ta a cikin tsarin mulki. A karkara ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da takardar mallaka ta gargajiya: har hekta 500 domin noma, har hekta 5,000 domin kiwo, abin da ya wuce haka sai da yardar gwamna.

Ke nan bisa doka, ƙaramar hukumar Nguru ko Bade ko Karasuwa ko Jakusko na iya ba wa ƙungiyar makiyaya takardar fili mai faɗi. Da wuya ka ji an yi. Dalili ɗaya shi ne dokar an ɗinka ta ne daidai da mutumin da ke zaune wuri guda. Mai shanu kuwa ba fili ɗaya yake buƙata ba. Yana son tudu da damina, gonakin da aka girbe da kaka, fadama da rani, da hanyar da za ta haɗa su. Babu takardar da ke bayar da irin wannan haƙƙi mai yawo.

Dalili na biyu ya fi sauƙin ganewa. Wanda ya share daji ya yi shuka, a al'ada ya mallaka. Wanda kakanninsa suka shekara ɗari suna kiwo a dajin bai bar alamar da za a gani ba, sai kashin shanu, wanda shi ne ma ke jawo manomi zuwa wurin.

Dokar 1978 ce ta sa Abuja ba ta da ta cewa sosai. A 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ce a tono tsofaffin sanarwar burtali na Jamhuriya ta Farko, daga baya ya amince a sake duba wuraren kiwo 368 a jihohi 25. Lauyoyi da dama suka tuna masa cewa dokar 1965 ta Arewa ce, ba ta tarayya ba, kuma ƙasa ta gwamnoni ce. Maganar burtalin Nguru a Damaturu za a yanke ta.

Fadamar da kowa ke hari

Abin da ya sa wannan yanki ya fi wasu zafi shi ne ruwa. Damina a nan wata uku ce zuwa huɗu. Amma kogin Haɗeja da na Jama'are suna malalowa su bazu a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kafin su haɗu gab da Gashuwa su zama Komadugu Yobe. Wani reshe kuma ya bi mashigin Marma ya cika tafkin Nguru. In ruwa ya janye, sai burugu da roba da sauran ciyayin fadama su fito a daidai lokacin da tudu ya zama toka. Shi ya sa tun kaka da kakanni shanun da ke ɗaruruwan kilomitoci daga nan suke dogara da wannan dausayi.

A da akwai jere. Masunci ya fara, ruwa na ja manomi ya girbe shinkafa ya shuka wake ko dawar rani a danshi, daga ƙarshe makiyayi ya shigo. Kowa ya san lokacinsa.

Madatsar Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa a 1992 sun sauya tafiyar kogin Haɗeja. Ambaliyar damina ta ragu, amma ana sako ruwa har da rani domin ban ruwan Kano da Haɗeja. Wuraren da suka saba bushewa wata da watanni suka daina bushewa, kacala ta samu gindin zama. Duk wanda ya shiga kwalekwale a mashigin Marma ya ga yadda take: ta fi tsayin mutum, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren kiwo baki ɗaya. Saniya ba ta ƙoshi da ita in ta tsufa, tsuntsayen jan-baki kuma a ciki suke kwana su wayi gari a kan amfanin gona. Inda ruwa ya yi yawa kacala ta ci, inda ya daina zuwa fadama ta bushe. Ta kowane gefe ƙasar da za a raba ta ragu.

Sai kuma injin ban ruwa ya zo. Bayan hana shigo da alkama a 1987, da shirin Fadama na Bankin Duniya a shekarun 1990, ƙananan injinan fetur suka cika bakin kogi. Alkama, albasa, tattasai, barkono, tumatir, kankana. Wannan arziki ne, kuma babu mai hankalin da zai ce a hana. Sai dai an raba filayen ne a jere bakin ruwa ba tare da an bar ƙofa ba. Garke zai taso daga tudu da ƙishin kwana guda ya iske tsakaninsa da kogi akwai fangalin albasa na kilomita guda. Duk wanda ya san shanu ya san in suka ji ƙamshin ruwa sanda ba ta tsare su.

Izinin zaure

Tun da gwamnati ba ta bayar da takarda, izini ya koma zaure. Ardo zai je gaisuwa wurin bulama ko lawani, ya nemi wurin da za su kafa mashekari, ya ajiye abin goro. Wani lokaci abin yana tafiya lafiya shekara da shekaru, har a ƙulla zumunci: makiyayi ya kwana da shanu a gonar mai masauki domin taki, a ba shi kara da dusa, matansa su kawo nono.

Amma izinin baki ba ya da rasidi. Makiyaya na kukan cewa sukan biya a wuri uku domin daji ɗaya, kuma in mai unguwa ya sauya ko wani mai kuɗi ya zo neman gona, sai a wayi gari an ce su tashi. Suna cewa in aka yi ɓarna, ko ta kwando ɗaya ce, kafin a fito daga hannun masu sasanci da masu kama an sayar da bijimi. Suna kuma nuna yatsa ga manyan gonakin da 'yan siyasa da 'yan kasuwa ke yanka a cikin dazuzzukan da aka sani na kiwo ne.

Manoma su ma suna da nasu, kuma ba ƙaramin zance ba ne. Suna cewa ba su da rigima da Fulanin da suke zaune tare, waɗanda suka san gidajensu da sunayen 'ya'yansu. Masu wucewa ne matsala, musamman waɗanda ke sako dabbobi cikin dare su cinye gona su tashi kafin asuba, wasu da kwari da baka. Mutum ya ci bashin taki da fetur, ya wayi gari babu komai, kuma babu wanda zai kai ƙara tun da bai san sunan kowa ba. Kara da harawa kuma yanzu kuɗi ne. Manomi na da tumaki da shanun huɗa na kansa, abin da ya rage ya ɗaure ya kai kasuwa. Zamanin da ake barin ragowar gona kyauta ya wuce, amma da yawa daga masu garke har yanzu suna ganin in an girbe gona ta zama ta kowa.

Masu sarauta kuwa suna tsakiya. An bar musu sulhu, amma doka ba ta ba su ikon ƙasa ba. Fadar Nguru da ta Bade da kwamitocin ƙananan hukumomi sukan tara shugabannin Miyetti Allah da na ƙungiyar manoma kafin kaka, a ja kunne, a roƙi makiyaya su jinkirta, a roƙi manoma su gaggauta kwashe amfani. Yana taimakawa. Sai dai roƙo ne, kuma baƙon da ya taso daga nesa ba ya cikin taron.

Inda doka ke da haƙora

Wuri guda da dokar kiwo take a bayyane shi ne gandun daji na ƙasa. Dausayin Bade da Nguru ɓangare ne na Gandun Dajin Tafkin Chadi, wanda ya haɗa da mafakar tsuntsaye ta Dagona, inda tsuntsayen Turai ke zuwa cin rani, wurin da Yarima Philip na Ingila ya ziyarta a 1989. Tafkin Nguru da mashigin Marma kuma su ne wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000.

Dokar gandun daji ta hana shiga da dabbobin gida, kuma akwai ma'aikata masu kama wanda ya karya. Hujjarsu mai ƙarfi ce: shanu na tattake sheƙar tsuntsaye, masu kiwo na sassabe rassan itace domin ganye. Amma dubi abin ta idon mai shanu a watan Afrilu. Ko'ina ƙasa ta yi fari, ciyawa ɗaya da ta rage kore tana bayan allon da ya ce an hana. Doka ta iya gaya masa inda ba zai shiga ba, da iyaka da tara. Inda zai shiga ne ba ta faɗa ba.

Masu tasowa daga ƙetare

A 1998 ƙungiyar ECOWAS ta amince da yarjejeniyar zirga-zirgar makiyaya tsakanin ƙasashe. Ta ce mai garke ya riƙe takardar shaida mai nuna yawan dabbobi, allurar rigakafin da aka yi musu, hanyar da zai bi da inda ya nufa, ƙasar da ta karɓe shi kuma ta faɗi lokacin shiga da na fita. Tsari ne mai kyau. Amma iyakar Yobe da jihohin Damagaram da Diffa rairayi ne buɗaɗɗe, kuma garke ba ya neman ofishin kwastan. Yanzu ma an ƙara wani ƙulli: Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025.

Abin lura shi ne makiyayin da ya taso daga Gure ko Maine Sorowa ya baro ƙasar da ta fi mu tsari a wannan fanni. Tun 1961 Nijar ta ja layin da noma ba zai wuce ba ta arewa. A 1993 ta kafa dokar karkara da kwamitocin ƙasa, a 2010 kuma ta yi dokar kiwo da ta ce yawo da dabbobi haƙƙi ne da hukuma za ta kare. A can ana kafa turakun siminti a burtali, kuma kowace shekara hukuma na sanar da ranar sakin gonaki. Kafin ranar, wanda dabbarsa ta yi ɓarna zai biya. Bayan ranar, manomin da ya bar amfani a fili ya san abin da ya yi. Ba a daina faɗa a Nijar ba, amma in an je gaban hukuma akwai abin da za a duba.

Har Amurka, inda kiwon gandu ya yi nisa, ba ta hana kiwo a filin gwamnati ba. Tun dokar Taylor ta 1934 ake ba mai shanu lasisi, yawanci na shekara goma, da ke faɗin wurin, da yawan dabbobi, da watannin shiga da fita, da kuɗin da zai biya kan kowace saniya a wata.

A gida kuwa hanyar da aka fi ji ita ce ta hani. Binuwai ta hana kiwon sake a 2017, ta ce mai so ya nemi izinin kafa gandu, wanda ake sabuntawa duk shekara. Gwamnonin kudu sun bi sahu a taron Asaba na 2021. Shirin Ruga na tarayya an dakatar da shi a 2019 kafin ya tashi. Ko me mutum zai ce game da dokar Binuwai a ƙasarta, ba za ta yi aiki a Yusufari ba. A inda ruwan sama ke sauka nan ya tsallake can, shanun da aka killace wuri guda ba za su ga damina ta gaba ba. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 sun san cewa garken da ya tsira shi ne wanda ya tashi da wuri.

Abin da ke hannun Damaturu

Yobe na cikin jihohin da suka fi dabbobi a ƙasar nan. Kasuwar Potiskum ta shahara a duk Afirka ta Yamma, Nguru kuma tun da jirgin ƙasa ya iso ta a wajejen 1930 take tura shanu da nama kudu. Gwamnatin Mai Mala Buni ta sa hannu a wasu makiyayu, irin su Jakusko-Nasari da Badegana da Gurjaje, inda ake maganar ruwa da asibitin dabbobi da makaranta. A tarayya kuma Shugaba Tinubu ya kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo a 2024. Maƙwabciya Jigawa, wadda ke fama da irin wannan rigima a Guri da Kirikasamma, tana da hukumar manoma da makiyaya ta musamman.

Rijiya da asibitin dabbobi alheri ne, amma ba su ke hana faɗa a bakin kogi ba. Makiyaya mai kyau a Jakusko ba ta amfani wanda ya rasa hanyar isa gare ta daga Machina.

A ganina, aikin da ya rage bai kai gina madatsa tsada ba. A bi burtalan da ke gangarowa zuwa fadama ɗaya bayan ɗaya, tare da bulama da ardo da dattawan manoma, a kafa turaku, a buga a jaridar gwamnati. Inda gona ta riga ta ci hanya, a biya mai ita ko a musanya masa, kada a ce talaka ya tashi a bar babbar gonar mai mulki. A bar ƙofar mashaya a kowane jerin gonakin rani. A sa ranar sakin gonaki a kowace ƙaramar hukuma, a faɗe ta a rediyo da Hausa da Fulatanci da Barbarci da Badanci. Sannan a bai wa kowane garke, na gida da baƙo, takardar izini ta shekara mai sunan mai shi da ardonsa da hanyarsa, a kan kuɗi sananne mai rasidi.

Za a ce jangali ne ya dawo ta ƙofar baya, kuma tsoron yana da dalili, musamman in aka bar takardar ta zama wata hanyar tatsar mutane a shingen hanya. Amma makiyayi yana biya yanzu ma, ba tare da an rubuta ba. Takarda za ta ba shi abin nunawa in aka ce ya tashi, ta kuma ba manomi sunan da zai kai ƙara in aka ci masa gona cikin dare.

Majalisar dokokin Yobe na da ikon yin duk wannan ba tare da jiran Abuja ba. 'Yan majalisar da ke wakiltar Nguru, Bade, Karasuwa, Machina, Jakusko da Yusufari su ne ya kamata su kai ƙudirin, kuma su kai shi da rani, kafin a yi shuka a kan abin da ya rage na burtali.